Kafin ka aiko wa tsohuwa da biza, ka yi mata maganar kujerar yaro

Hutu na zo gida, kuma tun da na sauka Damagaram ban yi wuni guda ba tare da wani ya yi sallama da ni a kan maganar tafiya ba. Wannan ɗalibi ne da ya gama a Jami'ar André Salifou ya samu gurbin ƙaro karatu, waccan amarya ce za ta bi mijinta, wancan kuwa dattijo ne ɗansa ya kira shi ya je ya ga jika. Muna zaune a zaure nan Zango, ana zuba shayi, tambayoyin duk iri ɗaya ne: yaya sanyi, akwai masallaci, ana samun gero, nawa ne kuɗin haya. Sama da shekara goma nake zaune a arewacin Faransa, kusa da iyakar Beljiyam, kuma har yau ba wanda ya taɓa tambayata abin da ya fi komai ba ni wahala a can.

Waɗancan tambayoyi ba sa cin lokaci. Sanyi, ka sayi riga mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga, cikin wata guda jiki zai saba. Masallaci da mahauta masu yankan Musulunci suna nan a kowane babban gari. Takardar zama kuwa, ka fara neman sabuntawa tun saura wata huɗu ta ƙare, kuma duk takardar da ta shigo hannunka ka yi mata kwafi ka adana. Sauran, ƴan uwa za su nuna maka. Wannan kam abin alfahari ne gare mu. Ɗan Damagaram ba ya sauka filin jirgi ya rasa mai tarbarsa, ba ya kwana a tasha, in an yi haihuwa a cika ɗaki, in an yi rasuwa a haɗa kuɗi cikin kwana biyu. Na ga al'ummomi da yawa a can, kaɗan ne suka kama ƙafarmu wajen zumunci.

Amma a duk bikin suna, in aka tashi, sai in tsaya a wurin ajiye motoci raina ya ɓaci. Mota mai wurin mutum biyar a zuba mata takwas, jariri a cinyar kaka, mai shekara uku a tsaye tsakanin kujeru yana riƙe da wuyan direba, wata baiwar Allah ta shiga ta zauna da goyo a bayanta ba ta ko kwance ba. In ka yi magana a ce maka ai nan kusa ne. Da bakina ni ma na faɗi wannan kalma, shi ya sa ba na iya yin shiru.

Lokacin da maiɗakina ta kusa haihuwar ƴarmu ta fari, na shiga shirin kawo Inna ta zauna mata jego. Wanda bai yi ba bai san aikin ba. Sai ka je meri, wato ofishin magajin gari, ka nemi takardar shaidar cewa kai za ka sauke baƙon, su duba girman gidanka da abin da kake samu, ka biya tambarin yuro 30, ka yi mata inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar har yuro 30,000, duk don zaman da ba zai wuce kwana 90 ba. Yanzu ma abin ya ƙara tsauri tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a watan Janairun 2024. Wata uku na yi ina bin waɗannan takardu. Na saya mata rigar sanyi, na tanadi garin kunu da kanwa da kayan yaji. A duk wayar da muka yi, ban ɗauki minti biyar na gaya mata yadda ake ɗaukar jariri a mota a ƙasar da za ta zo ba.

Ranar da aka sallame mu daga asibiti ungozoma ta ce in shigo da kujerar jariri ta mota ta gani, irin mai hannu ɗin nan da suke kira kozi. Ta sa yarinyar a ciki, ta ja igiyoyin, ta nuna mini yadda ake matsewa. Na koya, na kuma yi niyyar bi.

Inna ta iso ana jibi suna. Ranar sunan muka fito za mu zauren da aka kama, na ɗaure yarinya a kujerarta fuskarta na duban baya, na zagaya zan shiga. Kafin in tayar da mota Inna ta riga ta ɓalle ta, ta rungume ta a ƙirji, ta lulluɓe da mayafi. Ta ce, "Wannan wane irin rashin tausayi ne? Ƴar kwana bakwai a ɗaure ta kamar kazar da za a kai kasuwar Dole? Ku tara na haifa, a cinyar nan kuka je Miriya kuka dawo, wa ya mutu?" Maiɗakina ta dube ni ta madubi. Ba za ta iya buɗe baki gaban surukarta ba, kuma ba hurumin ta ba ne. Nawa ne. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna," na ja mota.

Bayan kamar mako uku ƴan sanda suka tsayar da mu. Yuro 135 aka rubuta mini, wato jaka 88 da ɗoriya a kuɗinmu, kuma in da yara biyu ne ba a ɗaure ba da sau biyu zan biya. A nan na yi kuskuren da ya fi na farko muni. Na ce wa Inna, "Kin gani, ƴan sanda ba sa yarda." Sai ta fahimci abin a matsayin dokar Nasara, irin wadda ake bi in ana ganin mai kaki, a sake in ya juya baya. Daga ranar, in za mu hau babban titi sai ta bari a ɗaure yarinya tana tsaki, in cikin unguwa ne sai ta ɗauke abarta. Ni kuma na ga kamar an sasanta.

Yarinya tana da wata biyu da ƴan kwanaki muka fita sayen kayan miya, tafiyar da ba ta kai kilomita biyu ba, a layin da ba a wuce gudun 30. Wani yaro ya faɗo titi a kan keke daga bayan wata motar da ke tsaye. Na taka birki da dukan ƙarfina. Ban buge shi ba, ban bugi komai ba. Sai dai na ji wani ƙara a bayan kujerata, kamar an jefa ƙullin tsumma a bango, sannan shiru. Wannan shirun, kafin ta tsala kuka, ban san daƙiƙa nawa ba ne, amma har gobe in na tuna sai in ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na juya na ga hannuwan Inna a buɗe, ba komai a cikinsu, yarinya tana ƙasa wurin ajiye ƙafa.

Mun kwana a sashen gaggawa. Aka yi mata hoton kai, aka ce babu karaya, babu jini a ciki, kumburi ne a goshi. Alhamdu lillahi. Amma likitoci suka yi mini tambayoyi ni kaɗai, suka yi wa uwar ita kaɗai, suna son su ga ko bakinmu ɗaya, domin jariri mai rauni a ka ba abin da suke wucewa ba ne. Daga baya wata ma'aikaciyar kula da yara ta zo har gida, ta duba inda yarinya take kwana, ta sauka ta duba motar. Ba ta wulaƙanta mu ba, aikinta take yi. Sai dai ka sani, sabon zuwa, a can yaro ba naka ba ne kai kaɗai, hukuma tana da ido a kansa, kuma abin da kake ganin sha'anin cikin gida ne yana iya zama fayil mai sunanka.

Inna ta yi kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Tana zaune a kan sallaya tana duban tafin hannunta tana cewa, "Na riƙe ta fa. Wallahi na riƙe ta." Gaskiya ta faɗa. Ta riƙe ta iya ƙarfin mai ƙauna. Laifin nawa ne, ni da na san abin na bar kunya ta ɗaure mini baki.

Abin da ya kamata in bayyana mata tun farko ba shi da wuyar ganewa. Mota in tana gudun kilomita 50 a awa ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ke cikinta yana ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido nauyin jiki na iya ninkawa sau ashirin ko fiye, jaririn kilo 5 ya koma kamar buhun gero da aka fizge daga hannunka. Babu damtsen da zai riƙe. In kakar ba ta sa santir ba, wato igiyar ɗaure jiki a mota, jikinta ne zai bi yaron ya danne shi. In kuma ta zagaya santir ɗaya da ita da shi, nauyinta ne zai matse shi a jikin igiyar. Goyo a baya cikin mota shi ma haka, yaro yana tsakanin bayan uwa da kujera.

Maganar juya fuskar jariri baya ita ta fi damun tsofaffinmu, domin suna son su riƙa ganin fuskarsa, kuma suna ganin kamar an juya masa baya ne an yar da shi. Dalilin yana wuya. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, wuyan kuma bai yi ƙwari ba, abin da kowace kaka ta sani, tunda ita ce ke cewa a tallafe kai in za a ɗauke shi. In yana duban gaba aka yi karo, igiya za ta riƙe jiki, kai ya wuce, wuya ya ɗauki dukan wahalar. In yana duban baya, bayan kujerar ne ke tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da dabarar a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda ƴan sama jannati suke kwanciya da baya lokacin tashin kumbo. Har yau mutanen Suwidin suna barin yaro yana duban baya har wajen shekara huɗu. Ƙa'idar Turai ta R129 ta ce aƙalla wata 15. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kujerar tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100.

Kada kuma wani ya ce maka wannan al'adar Turawa ce. Su ma ba da ita aka haife su ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da ta ji abin da ya faru, ta hau sama ta zauna da Inna ina yi musu tafinta. Ta ce ita ma a kwando take sa nata ta ajiye a kujerar baya, kuma sai da ta yi faɗa da ƴarta a kan wannan magana lokacin da ta samu jika. A Faransa sai a 1990 aka wajabta santir a kujerun baya, kujerar yara kuma sai 1992. A Amurka jihar Tennessee ce ta fara doka a 1978, sauran suka bi har zuwa 1985. A 1972 mutum fiye da 16,000 ne suka mutu a titunan Faransa, yanzu adadin bai kai 3,500 a shekara ba, alhali motoci sun ninka. Jana'iza ce ta koya musu. Mu ma da muke cewa a cinya muka girma ba abin da ya same mu, waɗanda suka rayu ne kawai ke magana. Duk wanda ya san hanyar Damagaram zuwa Maraɗi ko ta Tanut ya san gidan da aka yi wa gaisuwa, aka ce ajali ne, aka shafa fatiha, ba wanda ya tambayi inda yaron yake zaune.

Wadda ta warware mana abin a ƙarshe wata Hajiya ce mutuniyar Maraɗi, sa'ar Inna, da ta daɗe a can. Ta zo gaisuwa, ta ji Inna na cewa Allah ne ke tsarewa. Ta ce, "Haka ne, Yaya. Amma in kin goya yaro da zane, me ya sa kike ƙara majanyi a kai ki ƙulle?" Inna ta ce don kada ya zame. Hajiya ta ce, "To wannan kujera majanyin mota ce." Inna ta yi shiru, can ta ce a kawo kujerar ta gani. A tsakar falo muka ajiye ta, ta sa gilashinta, ta koyi ɓallewa da ɗaurewa sau kusan goma. Daga ranar aikin ya koma hannunta. Ita ke ɗaure yarinya, ita ke zama kusa da ita a baya tana yi mata wasa tana kiranta kishiya, kuma ba na juya makulli sai ta ce, "Mu je."

Daga nan na ɗauki hanyar da nake ba kowa. Ka fara maganar tun tsohuwa tana gida, ka aika mata hoton kujerar ta WhatsApp, ka bar ta ta yi faɗanta ta huce tun kafin ta hau jirgi. Kada ka jingina abin da ƴan sanda. Ka nemi babba sa'arta ya yi mata bayani, domin abin da ba za ta karɓa daga bakin ɗan da ta goya ba za ta karɓa daga bakin tsararta. In uwar miji ce, miji ya yi magana, kada ka ɓuya a bayan matarka ka ja mata baƙin jini a wurin dangi har ƙarshen rayuwa, a ce ta hana kaka ɗaukar jika. In yaro ya yi kuka a hanya, kuma zai yi, za a ce maka ka tausaya a cire shi a ba shi nono. Ka nemi wuri ka tsaya, a shayar da shi, a mayar, sannan a ci gaba. Kakanni maza kuma nasu salon daban, su ɗora jika a cinya a kujerar gaba suna kiransa aboki. A Faransa yaron da bai kai shekara 10 ba wurinsa baya ne, sai a wasu ƴan yanayi da doka ta ware, kuma in dole ta sa aka ajiye kujerar jariri mai duban baya a gaba, sai an kashe jakar iskan nan mai fashewa lokacin karo, in ba haka ba ita ce za ta yi kisan.

Dokar ma tana canzawa da tsallake iyaka. A Faransa shekara 10 ake dubawa, a Beljiyam tsayi ne, santimita 135, a Jamus kuwa yaron da bai kai shekara 12 ba kuma bai kai santimita 150 ba yana buƙatar kujera. Tasi a Faransa doka ta ɗauke masa wannan wajibi, amma birkin tasi da na motarka duk ɗaya ne, in kana da kozi ka shiga da shi.

Na san kuɗi na yi wa sabon zuwa wuya, kuma na san inda ake zuwa: kasuwar tsofaffin kaya ko shafin saye da sayarwa na intanet, Leboncoin. Ka duba jikin kujerar akwai tambari ruwan lemo. In ka ga R129, ko R44/04, ko R44/03, ta halatta a yi amfani da ita, ko da yake tun 1 ga Satumba 2024 an daina sayar da sababbi masu R44 a shagunan Tarayyar Turai. Amma kujerar da ta taɓa shiga haɗari ta gama aiki ko da ido bai ga tsaga ba, kuma baƙon da ke son kuɗinka ba zai gaya maka ba. Gara ka karɓa daga ɗan uwan da ka sani. In motarka tana da ƙugiyoyin Isofix, ka nemi kujera mai shiga cikinsu, kuskuren ɗaurawa ya fi ƙaranci. Sai maganar da nake yi kullum da sanyi ba a ji: a cire wa yaro babbar rigar sanyi kafin a ɗaure shi. Mu mutanen zafi ne, muna naɗe yaro har ya zama kamar dami, igiya ta kwanta a kan auduga, in an yi karo audugar ta lotse, yaro ya sulluɓe. A ɗaure shi da kaya marasa kauri, a matse har ka kasa tsunkular igiyar da yatsu biyu a kafaɗarsa, sannan a lulluɓa bargo a kai, ko uku ne.

Wannan zuwan na taho da kujeru biyu da yaranmu suka girme su. Na san halin da ake ciki a nan, yawancin mutane kabu-kabu suke hawa da goyo a baya, masu mota ma ba kowa ya taɓa ganin kujerar ba, kuma ba zan zo hutun wata guda in ce zan gyara gari ba. Amma ƙanena yana da mota, yana da ɗa ɗan wata bakwai. Da muka je ɗaurawa sai muka tarar santir ɗin baya an cusa su ƙarƙashin kujera tun ranar da aka sayo motar, sai da makanike ya ɗaga kujerar ya zaro su, ƙura ta yi musu fari. Mun kuma gane ƙarfen ɗaurin yana yin zafi kamar wuta in mota ta wuni a rana, don haka ake yafa masa tawul.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka shirya zuwa Miriya gaisuwa. Ƙanena ya tayar da mota, matarsa na rungume da yaro, ya ce tafiyar minti ashirin ce, a bari sai in za a yi nisa. Ban ce komai ba, domin Inna ta riga ni. Ta buɗe ƙofa ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa ta ce ba inda za ta sai an ba ta mijinta ta ɗaure shi da hannunta. Ta sa shi, ta ja igiya, ta gwada tsunkula a kafaɗa, ta ƙara ja kaɗan. Yaro ya yi kuka har muka wuce ƙofar gari, tana yi masa waƙa, kafin mu kai rabin hanya ya yi barci.

Dattijon nan da zai tafi ganin jika mako mai zuwa na ce ya dawo gobe bayan la'asar tare da Hajiyarsa. Kujera ta biyu tana nan a zaure, Inna ta ce ita za ta nuna musu.